MAI SHAIDA MA RAI GARE SHI: WAIWAYE KAN TARIHIN BA DA SHAIDA A JOS



Akwai tambayar da ake yawan jefo mana a zaman makoki da majalisun bayan sallar isha'i: yaya za a kashe mutum da rana tsaka a garin nan, jama'a na kallo, amma ranar da aka je kotu a ce babu shaida? Wasu su ɗora wa 'yan sanda, wasu lauyoyi, wasu su ce siyasa ce. Kowanne da ƙamshin gaskiya a maganarsa. Sai dai akwai mutum guda da ba a cika tunawa da shi ba, alhali a kansa shari'ar take tsaye, wato wanda ya gani da idonsa. Shi muke so mu waiwaya yau, tun da Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya.

Za mu fara da abin da ya faru a gabanmu. Shekarun baya mun raka wani ɗan ƙungiyar nan kotu. Mai shago ne, kuma a ƙofar shagonsa 'yan sara-suka suka sassari yaron maƙwabcinsa. Ya ga fuskokinsu, ya kuma yarda zai faɗa. Ranar zama ya rufe shago, ya biya kuɗin keke daga aljihunsa, muka isa tun kafin ƙarfe tara. A baranda benci ɗaya ne, kowa a kansa yake jira, har da 'yan uwa da abokan wanda ake tuhuma. Wani matashi ya matso ya gaishe shi da ladabi, ya tambayi lafiyar yaransa ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, har ya ambaci islamiyyar da suke zuwa. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Wajen azahar aka kira shari'ar, aka ɗage saboda wani lauya bai zo ba. Sau uku ana haka. A karo na huɗu mutumin ya ce mu yi haƙuri, shi ba zai sake zuwa ba. Daga baya aka kori ƙarar. A lokacin mun ga laifinsa. Yau da muka ƙara shekaru, mun gane cewa mu ne muka bar shi shi kaɗai a kan bencin nan.

ZAMANIN ALƘALAI

Tun kafin zuwan Turawa, kotunan alƙalai a ƙasar Hausa suna aiki da fiƙihun Malikiyya, da littattafai irin su Risala da Mukhtasar da Tuhfa. A wannan tsari shaida ita ce ƙashin bayan shari'a. Ba kowa ake karɓa ba, sai adali, wanda aka san shi da gaskiya da kamun kai. Idan alƙali bai san shi ba, sai a nemo waɗanda za su tsarkake shi. Shi ma wanda ake ƙara ana ba shi dama ya soki shaidar in yana da abin suka, kamar gaba ko dangantaka ko wani amfani da mai shaidar zai samu. Ayoyi na 282 da 283 na Suratul Baƙara sun haɗa abu biyu wuri guda: sun hana ɓoye shaida, sun kuma hana a cutar da mai ba da ita. Wato tun a tushe nauyin biyu ne, ɗaya a wuyan wanda ya gani, ɗaya a wuyan al'umma da hukuma.

Abin da ke kare mai shaida a wancan zamani sanayya ce. Gari ƙarami, kowa ya san gidan kowa, mai unguwa na nan, dogarai na nan, wanda ya taɓa dattijon da ya yi shaida ya san da dukan unguwa ya ja. Ba muna cewa zamanin ba shi da nasa zalunci ba, domin ko a da ba ƙaramin namiji ke tsayawa ya ba da shaida a kan mai sarauta ba. Amma dai mai shaida yana komawa cikin mutanen da suke ganin girman abin da ya yi.

Jos kuwa gari ne da kuza ta tara. Daga farkon ƙarni na 20 mutane suka yi ta kwararowa daga Kano, Bauchi, Zariya, Borno, ƙasar Yarabawa da ta Ibo, suka haɗu da Birom da Anaguta da Afizere. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, babban layin da ya taso daga Fatakwal kuma a 1927. Gari irin wannan dole kotunansa su zama iri-iri: ga ta alƙali, ga na gargajiya, ga ta majistare mai bin dokar Ingila. A 1960 Jihar Arewa ta fara aiki da Final Kod da dokar tsarin shari'ar laifuka, sannan a ƙarshen shekarun 1960 gwamnatin soja ta karɓe kotunan En'e ta mayar da su kotunan yanki. Wanda ya duba dokokin nan zai ga sun ƙware wajen tilasta wa mai shaida. Akwai sammaci, in ya ƙi zuwa a ba da takardar kamo shi, in ya yi shaidar zur a ɗaure shi. Batun wa zai raka shi gida bayan ya gama magana, wannan ba shi ne damuwar masu rubuta doka a lokacin ba, domin ba su hango Jos ɗin da muka tsinci kanmu a ciki ba.

RIKICI DA KWAMITOCI

A 1991 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa. Ranar 12 ga Afrilu 1994 aka yi tarzoma kan naɗin Alhaji Aminu Mato a matsayin shugaban riƙo, aka kafa hukumar bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Aribiton Fiberesima. Ranar Juma'a 7 ga Satumba 2001 wuta ta tashi daga Kongo-Rasha ta mamaye gari, cikin kwana shida aka rasa rayuka kimanin 1,000, aka kafa hukumar Mai Shari'a Niki Tobi. A 2004 abin da ya faru a Yelwan Shendam ya kai Shugaba Obasanjo ga kafa dokar ta-ɓaci ranar 18 ga Mayu, ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye, ya ɗora Janar Chris Alli. Ranakun 28 da 29 ga Nuwamba 2008, bayan zaɓen ƙananan hukumomi, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ce an kashe aƙalla mutum 700, sama da 130 daga ciki a hannun jami'an tsaro. Gwamna Jonah Jang ya kafa hukumar Yarima Bola Ajibola, Shugaba 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin Janar Emmanuel Abisoye, har aka shiga jayayya kan wa ke da hurumin binciken. Shugabannin Musulmin Jos suka ƙaurace wa hukumar jiha saboda rashin amincewa da ita. Bayan rikicin 2010 kuma aka zo da kwamitin Cif Solomon Lar.

Duk wannan jerin sunaye mun san shi, amma mu dube shi ta idon mai shaida. A kowace hukuma mutane sun fito, Musulmi da Kirista, sun rubuta takardu, sun tsaya a bainar jama'a sun faɗi abin da suka gani, wasu har da ambaton sunaye, 'yan jarida na rubutawa. Daga nan kowa ya koma unguwarsa. Rahoton Fiberesima da na Niki Tobi sun shafe shekaru a kulle ba a fitar wa jama'a ba. Hukumar bincike kuma ba kotu ba ce, ba ta ɗaure kowa, shawara kawai take bayarwa. Mutumin da ya sayar da ransa ya yi magana a 1994 bai ga sakamako ba, ɗansa ya yi a 2001 bai gani ba. Da aka zo 2008 da 2010, jikan gidan ya riga ya koyi darasi: magana ba ta kawo hukunci, sai dai ta kawo maka abokan gaba.

A cikin shekarun nan ne kuma garin ya tsage. Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Ali Kazaure da Bauchi Road suka zama na wani ɓangare, Unguwar Rukuba, Kabong, Jenta da Tudun Wada suka zama na wani. Mutane suka yi musayar gidaje, wasu suka sayar da asara. Wannan tsagewa ta taɓa shari'a ta fuska biyu. Ta farko, zuwa kotu ko ofishin 'yan sanda kan zama ratsa unguwar da mutum ke tsoron shiga. Ta biyu ita ce mafi muni, kuma dole mu faɗa wa kanmu gaskiya: wanda ya ga ɗan unguwarsu ya aikata ɓarna a kan wani ɓangare, in ya buɗe baki sunansa munafuki, wanda ya sayar da 'yan uwansa. Wannan ciwo yana kowane ɓangare, har da namu.

SHARI'O'IN 2010

Ranar 17 ga Janairu 2010 rikici ya sake tashi daga yankin Nasarawa Gwom da Dutse Uku. Ranar 19 ga wata aka afka wa Kuru Karama, aka kashe Musulmi aƙalla 150, aka jefa gawarwaki da dama a rijiyoyi. Ranar 7 ga Maris aka kai hari Dogo Nahawa da Zot da Ratsat cikin dare, aka kashe Kiristoci masu yawan gaske, galibi mata da yara. A wannan karo gwamnatin tarayya ta shigo da kanta, ta gurfanar da mutane a Babbar Kotun Tarayya da ke Jos. Da yake ba a riga an yi dokar ta'addanci ba, sai aka jingina da wani sashe na dokar hukumar EFCC da ya yi magana kan ta'addanci. A watan Disamba na shekarar kotun ta yanke wa mutum 15 ɗaurin shekara 10 kowannensu. An sami wasu hukunce-hukuncen bayan nan, abin da ba a saba gani ba a rikice-rikicen baya.

Amma galibin waɗanda aka gurfanar mutanen da jami'an tsaro suka kwasa ne a lokacin tarzoma. Shari'ar da aka gina a kan binciken da ya bi bakin waɗanda abin ya faru a gabansu ba ta da yawa. A watan Disamba 2013 Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan Filato da Kaduna, bayan ta zanta da shaidu da waɗanda abin ya shafa sama da 180. Ta ce tun daga 2010 an kashe fiye da mutum 3,000 a jihohin biyu. Mutane da yawa sun gaya mata sun san waɗanda suka kashe musu dangi, maƙwabta ne, wasu tare suka taso. Wasu sun kai sunaye wurin 'yan sanda, amma suka ci gaba da ganin mutanen suna yawonsu. Wasu kuma ko zuwa ba su yi ba. Sunan da aka sa wa rahoton ma daga bakin mutanenmu aka ɗauko shi, wato maganar nan ta a bar wa Allah komai. Tawakkali abu ne mai kyau, amma a nan ya zama mayafin da tsoro da yanke ƙauna suka lulluɓa da shi. Kuma mun ga abin da ke biyo baya, domin inda kotu ta yi shiru, ramuwar gayya ce ke magana.

LOKACIN DA DOKA TA FARKA

Abin da ya tilasta wa Nijeriya tunanin kare shaidu shi ne Boko Haram. Mu a Jos mun ɗanɗana: bama-baman jajiberin Kirsimeti na 2010, tagwayen bama-baman Taminus na 20 ga Mayu 2014 da suka ci rayuka aƙalla 118, da harin masallacin 'Yan Taya da gidan abincin Shagalinku ranar 5 ga Yuli 2015 cikin azumi. Wa zai tsaya fuska a buɗe ya nuna irin waɗannan mutane? Dokar hana ta'addanci ta 2011, wadda aka yi wa gyara a 2013, ta ba kotu ikon ɓoye sunan mai shaida da taƙaita masu shiga zaure. A shari'ar Kabiru Sokoto kan harin cocin Madalla na ranar Kirsimetin 2011, shaidu sun yi magana fuska a rufe, kuma a watan Disamba 2013 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

A 2015 aka sa hannu a kan dokar gudanar da shari'ar laifuka ta tarayya. Sashe na 232 ya ce a wasu laifuka, irin su fyaɗe, ta'addanci, safarar mutane da laifukan kuɗi, kotu na iya zama ba a bainar jama'a ba. Ana iya ɓoye suna da adireshi da lambar wayar mai shaida, a kira shi da wasu haruffa kawai. Yana iya magana ta bidiyo daga wani wuri, ko a bayan labule, ko da fuska a rufe. Wanda ya fallasa abin da kotu ta ce a ɓoye, ɗaurin da bai gaza shekara ɗaya ba ke jiransa. Sashe na 251 ya ce wanda ya zo shaida ta ɓangaren gwamnati yana da haƙƙin a biya shi kuɗin ɗawainiyarsa. Sashe na 396 kuma ya nemi a riƙa zaman shari'a kullum, in hakan bai yiwu ba kada kowane ɓangare ya wuce neman ɗagewa sau biyar. Da irin wannan tanadi ne Mai Shari'a Binta Nyako ta yarda a watan Disamba 2016 shaidun gwamnati a shari'ar Nnamdi Kanu su yi magana a bayan labule. Jihar Filato ta yi tata dokar a 2018, zamanin Gwamna Simon Lalong, a kan tsarin ta tarayya. Majalisar Dattawa ma ta amince da ƙudurin kafa shirin kare shaidu a 2017, ta sake amincewa da wani a 2022.

Wannan ci gaba ne, ba za mu raina ba. Amma ku lura da jerin laifukan nan. Kisan da aka yi a lungu, sara-suka, ƙwacen waya da wuƙa, waɗannan su ne abin da talakan Jos ke gani kullum, kuma ba su ne aka fara tunawa da su ba. Sannan labule yana amfani ne inda wanda ake tuhuma bai san ka ba. A unguwar da kuka yi wasan ƙasa tare, muryarka kaɗai ta isa, balle ka ce daga ƙofar shagonka ka hango abin.

YADDA WASU ƘASASHE SUKA YI

Amurka ta kafa shirinta da wata doka ta 1970, saboda shaidun da ake kashewa a shari'o'in gungun 'yan Mafiya. A can ana sauya wa mutum suna, a ba shi sababbin takardu, a mayar da shi da iyalinsa wani gari. A Italiya, Tommaso Buscetta ya tona asirin Mafiya ga alƙali Giovanni Falcone, aka yi babbar shari'ar Palermo daga 1986 zuwa 1987 a wani zaure mai kama da sansanin soja da aka gina musamman, aka ɗaure sama da mutum 300. Buscetta ya rasa dangi da dama a hannun Mafiya, ya ƙare rayuwarsa a ɓoye a Amurka, shi kuma Falcone aka tashe shi da bam a 1992. A nahiyarmu Afirka ta Kudu ta yi dokarta a 1998, Kenya a 2006.

Labarin Kenya ya fi kama da namu. Bayan zaɓen 2007 an kashe sama da mutum 1,000 a rikicin ƙabilanci. Kotun Duniya da ke Hague ta tuhumi manya, ciki har da Uhuru Kenyatta da William Ruto. Shaidu suka yi ta janyewa, wasu suka sauya magana, mai gabatar da ƙara Fatou Bensouda ta yi ta kukan ana tsorata su ana kuma saye su. A watan Disamba 2014 aka janye tuhumar Kenyatta, a Afrilun 2016 aka dakatar da ta Ruto. In kotun da ke da kuɗin duniya a bayanta ta durƙushe saboda rashin shaidu, ina ga ƙaramin lauyan gwamnati da ke fama da fayil ɗari a kan teburinsa?

Tsarin Amurka kuwa ba lallai ya dace da mu ba. Magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma, ga tsohuwa a ɗaki, ga rumfa a Katako ko Farin Gada, ina za a kai shi? Bahaushe da zumuncinsa yake rayuwa. Ka raba shi da suna da dangi da masallacin unguwa, ka hukunta shi ne kafin a hukunta mai laifin.

ƊAYA GEFEN MAGANAR

Adalci ya sa mu faɗi wannan: wanda ake tuhuma ma yana da haƙƙi. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce a ɗauke shi marar laifi har sai an tabbatar, a yi masa shari'a a fili, kuma a ba shi dama shi ko lauyansa su yi wa shaidun gwamnati tambayoyin ƙure. Mu da muka ga yadda ake kwashe matasa barkatai bayan kowane rikici, mun fi kowa sanin darajar wannan sashe. Shaidar da aka ɓoye gaba ɗaya ƙofa ce ga mai ƙullin gaba ya ɗaure wanda bai ji ba bai gani ba.

Haka kuma kulawa da mai shaida daban, saye shi daban. A shari'ar kisan Kudirat Abiola, wadda aka harbe a Legas ranar 4 ga Yuni 1996, babban shaidan gwamnati shi ne Saja Barnabas Jabila, wanda aka fi sani da Rogers. Daga baya ya warware maganarsa, ya ce alkawura aka yi masa. Babbar Kotun Legas ta yanke wa Manjo Hamza Al-Mustapha hukuncin kisa ranar 30 ga Janairu 2012, amma ranar 12 ga Yuli 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sallame shi, domin ba a gina hukunci a kan shaidar da ta ci karo da kanta. Darasin shi ne duk abin da za a yi wa mai shaida, kuɗin mota ne ko masauki, a yi shi a rubuce bisa doka, da sanin kotu. Abin da aka yi a bayan fage shi lauyan ɗaya ɓangaren zai kama ya rusa shari'ar da shi.

Sai babban abokin gabar mai shaida, wato jinkiri. Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya ya ɓace ranar 3 ga Satumba 2018 a hanyarsa daga Abuja zuwa Bauchi. Ranar 29 ga wata aka ciro motarsa daga wani kududdufin kuza a Dura-Du, ranar 31 ga Oktoba aka samo gawarsa a wata tsohuwar rijiya a Guchwet da ke gundumar Shen. An gurfanar da waɗanda ake zargi a Babbar Kotun Jiha, amma alƙalin farko ya yi ritaya, aka koma farko a gaban wani. Ƙa'idar ita ce alƙalin da zai yanke hukunci shi zai ji shaidu da kunnensa. Ko sassaucin da dokar 2015 ta kawo, na barin alƙalin da aka ɗaga zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara ya dawo ya ƙarasa shari'arsa, Kotun Ƙoli ta soke shi a watan Mayu 2020 a shari'ar da ta shafi Orji Kalu. In shari'ar janar guda, wadda rundunar soja ke bibiya, ta sha wannan jan ƙafa, mu auna ta ɗan mai shayi. Kowace shekara da ta wuce, wani mai shaida ya rasu, wani an yi masa canjin wurin aiki, wani ya manta, wani kuma an kai masa ziyara.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Tarihin nan ya nuna mana cewa yawancin abin da mai shaida ke bukata ba ya cin miliyoyi. Ɗakin jira daban da na dangin wanda ake tuhuma. Ƙofar shiga da fita da ba za a tare shi ba. A daina karanta cikakken adireshinsa da ƙarfi a zaure. A ji shaidarsa ranar da aka kira shi, a sallame shi da wuri. A biya shi kuɗin motar da doka ta ce a biya. A samar da tafinta mai jin Hausa sosai, domin kalma ɗaya da aka juya ba daidai ba tana iya mayar da mai gaskiya maƙaryaci. Mace da ƙaramin yaro a ba su wanda zai zauna kusa da su. Idan an ba da beli, a sa sharaɗin nisantar shaidu, wanda ya karya a soke belinsa. Waɗannan su ne za mu ci gaba da roƙo a kai a wurin Ma'aikatar Shari'a da shugabannin kotuna da ƙungiyar lauyoyi, da Hukumar Gina Zaman Lafiya ta Filato da aka kafa a 2016.

Namu kason kuma ba sai mun jira gwamnati ba. Duk ɗan ƙungiyar da aka kawo wa sammacin shaida ya sanar da shugabanni, a sa dattawa biyu su raka shi su dawo da shi, a kuma duba asarar yininsa. In an yi masa barazana, kada ya ɓoye: ya gaya wa lauyan gwamnati tun kafin a shiga zaure, domin alƙali ba ya ɗaukar mataki a kan abin da ba a kawo gabansa ba. Ya adana saƙon waya ko lambar da aka kira shi da ita. Mu kuma mu kama bakinmu, mu daina yaɗa sunan wanda zai yi shaida a majalisa da WhatsApp. Iyayen da 'ya'yansu ke tsare su nema musu lauya, wannan haƙƙinsu ne, amma su daina aiken dattawa gidan mai shaida da sunan neman sulhu alhali matsin lamba ce. Kada mu koya wa kowa abin da zai faɗa. Abin da ido ya gani kawai, ko a kan wa ya faɗa, ko da ɗan unguwarmu ne, kuma ko wanda aka zalunta ba addininmu ɗaya ba.

Mai shagon nan yana nan da ransa, muna haɗuwa a masallaci. Bai taɓa tayar da maganar ba, mu ma ba mu taɓa ba. Amma duk lokacin da aka ce an sake sarar wani yaro a unguwa, mukan tuna bencin nan. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wanda ya tsaya wa ɗan wani yau, shi ya share hanyar da za a tsaya wa nasa gobe.

Allah Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba mu ƙarfin halin faɗin gaskiya da na tsaya wa mai faɗinta, Ya zaunar da Jos da Jihar Filato da Nijeriya lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya